Shin da Abubakar Imam aka fara rubutaccen adabin Hausa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da na daɗe ina riƙe da ita. Ni a wurina rubutaccen adabin Hausa da Abubakar Imam ya fara. Kafin gasar rubuta labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wane littafin labari Bahaushe ya ƙaga ya rubuta? Ruwan Bagaja ta fito, Magana Jari Ce ta biyo baya har littafi uku, a Janairun 1939 kuma shi ne editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta ta farko. Labari nasa, jarida tasa. Wanda ya san wani da ya riga shi, ya kawo.

Malam, Ƙofar Wambai: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba sai mun fita daga ganuwa ba za mu samu wanda ya riga shi. Alhaji Umaru, wanda ake kira Umaru Salaga, a nan Kano aka haife shi a 1858. Ya bi hanyar fataken goro zuwa Gwanja, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau, a can ya rasu a 1934, daidai lokacin da littattafan gasar nan ke fitowa. Mutumin nan ya rubuta waƙar talauci da wadata da Hausa, ya rubuta waƙa a kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka ci. Kuma bai tsaya a waƙa ba. Ya rubuta zube da ajami a kan tarihin ƙasar Hausa, sana'o'inta da al'adunta, ya ba wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich da ya yi karatun Hausa a wurinsa. Imam an haife shi a 1911. Lokacin nan Umaru ya haura shekara hamsin, alƙalaminsa ya daɗe da tsufa a hannunsa. Abin yana min ciwo ƙwarai in ji Bakano yana cewa ba a yi komai ba sai da Bature ya sa gasa.

Anti, Gwammaja: Malam ka bar mata a baya. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa. Jajojinta, wato matan da ta naɗa su koyar, su suke haddace waƙoƙin su kai wa ɗalibanta mata, 'yan taru, a ƙauyuka. Marubuciya ce, tana da masu karatu, tana da hanyar isar da rubutun gare su. Me ya rage?

Ɗan Fagge: Anti, Malam, ban raina waɗannan bayin Allah ba. Amma wa'azi da tarihi suka rubuta. Ni ina maganar ƙagaggen labari ne, wanda mutum zai zauna ya karanta don jin daɗi.

Ɗalibar BUK: Yaya, ko a nan ɗin ma ba shi kaɗai ba ne. Littafi biyar gasar ta haifar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi na John Tafida da East, sai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda mutuminmu ne na ƙasar Kano. Tare suka fito. Sannan in ƙaga labari ake magana, Shaihu Umar ya fi kusa da abin da kake nufi, don a kan bauta da fataucin bayi ta hamada aka gina shi, abin da ya faru da kakanninmu. Magana Jari Ce kuwa labaranta da yawa na aro ne, daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, har tsarin aku mai ba da labari don ya hana mutum fita daga littattafan Indiya ya zo. East ne ya tara masa littattafan ya ce ya duba.

Mai shagon littafi, Kurmi: 'Yata, dakata a nan. Maganar aron nan kullum sai an jefi Imam da ita, kuma ba a yi masa adalci. Farin ƙyalle daga ko'ina yake zuwa, amma in ya shiga karofin Ƙofar Mata ya fito, babu mai cewa ba na Kano ba ne. Ki ɗauko labari ɗaya a Magana Jari Ce ki karanta wa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Wallahi ba za ta ji ƙamshin Jamus a ciki ba. Sarkin da ke ciki sarkinmu ne, fadawan namu ne, yadda bafade ke kirari, yadda talaka ke faɗuwa ya yi gaisuwa, yadda mai wayo ke zagaya magana a gaban alƙali, duk namu ne. Wannan aikin ba kowa ke iya shi ba. Su huɗun da kika lissafa, wa ya ci gaba da rubuta labari kamar shi? Tafawa Ɓalewa siyasa ta ɗauke shi. Ina sayar da littafi, ina ganin abin da iyaye ke nema wa 'ya'yansu. Har gobe Magana Jari Ce ce a gaba.

Malam, Ƙofar Wambai: Alhaji, a kan daɗin Hausarsa ba ni da ja. Na koyar da littafin nan, na san yadda aji ke yin tsit in aka fara shi. Abin da nake so matasa su gane shi ne dalilin da ya sa kowa ya san Imam amma ba a san Umaru ba. Turawa sun zaɓi boko a kan ajami don aikin gwamnati da makaranta. A nan Kano ma aka fara, a makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, gidansa na nan har yanzu. Daga nan duk abin da aka rubuta da boko ya samu injin ɗab'i, ya samu kuɗin hukuma, ya shiga manhaja, aka yi jarrabawa a kansa. Abin da aka rubuta da ajami ya zauna a gafaka, almajiri ya kwafa da hannu, gara ta ci wani, wani aka kwashe zuwa ɗakunan ajiya na Turai. Ba gwaninta kaɗai ta raba su ba. Yaron da ya tashi a makarantar boko sai ya ɗauka inda littafin ajinsu ya fara, nan tarihi ya fara.

Mai shagon littafi, Kurmi: Wannan gaskiya ne. Kuma ajamin bai mutu ba. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi har yanzu akwai masu nemanta da ajami, ba su iya boko ba amma sun haddace ta.

Ɗan Fagge: To jarida fa? A nan dai babu wanda ya riga shi.

Ɗalibar BUK: A nan ma akwai abin dubawa, Yaya. Gaskiya Ta Fi Kwabo jaridar gwamnatin Turawa ce, an kafa ta ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 da aka kai editocin Afirka ta Yamma Ingila, Azikiwe ya rubuta takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu.

Malam, Ƙofar Wambai: A wannan kam zan tsaya masa, 'yata. Ya ƙi sa hannu ne don yana ganin Arewa ba ta da 'yan boko da za su riƙe aiki, in aka gaggauta wasu ne za su mulke ta. Ana iya saɓa masa, Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun fi shi zafi nesa ba kusa ba. Amma mutumin da ya buɗe shafin jarida ga wasiƙun talakawa, mutum ya rubuto daga ƙauye ya koka da abin da ke damunsa a buga kowa ya karanta, a zamanin da ba a ɗaga ido a dubi hakimi, ba za a kira shi ɗan amshin shata ba. Ya yi aiki a cikin gidan Bature, ya faɗi abin da ya iya faɗa.

Anti, Gwammaja: Ni abin da ke damuna da wannan ɗabi'a ta ɗaukar mutum ɗaya a ce shi ne komai, ba waɗanda suka gabace shi kaɗai take binnewa ba, har waɗanda suka zo bayansa. Mu da muka tashi a Kano wajen 1990, ba Ruwan Bagaja ce ta sa 'yan mata karatu a ɗaka ba. Balaraba Ramat Yakubu ce, da Bilkisu Funtuwa, da Ado Gidan Dabino. Balaraba an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta dawo ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a kan mijin da ya wulaƙanta matarsa da 'ya'yansa. Aka ce adabin kasuwa ne, ba adabi ba. Da me aka auna su? Da Imam. A 2012 aka fassara littafin nan zuwa Turanci, a Indiya aka buga shi, sannan wasu namu suka fara kallonsa da daraja.

Ɗan Fagge: Anti, wannan ba laifin Imam ba ne.

Anti, Gwammaja: Ban ce laifinsa ba ne, ƙanena. Laifin masu cewa da shi aka fara kuma da shi aka gama ne.

Ɗan Fagge: Ni ban ce da shi aka gama ba. Kuma har yanzu ina kan cewa Hausar da muke rubutawa a yau, wadda muke wannan muhawarar da ita, hannunsa ya fi na kowa yawa a cikinta. Umaru da Asma'u sun riga shi, amma ba daga wurinsu muka koyi jera jimla a takarda ba.

Malam, Ƙofar Wambai: Kai ba daga wurinsu ka koya ba, ɗana. Shi Imam ɗin ɗan malami ne, allo ya fara riƙewa kafin ya shiga Kwalejin Katsina, kuma Maƙamatul Hariri, littafin labaran Larabcin nan da ake karantawa a zaurukan malamanmu, tana cikin abin da ya gina Ruwan Bagaja a kai. Ka tambayi kanka a wurin wa shi ya koya.