Sujada Ce Ko Bori? Muhawarar Daren Lahadi

Malam Ishaku (Bukoki): Salama gare ku 'yan'uwa. Na san bayan wannan saƙo wasu za su daina gaishe ni. To a daina. Yau na raka innarmu wata majami'a can ƙetaren kogi, ba zan faɗi suna ba. Mun shiga takwas da rabi, mun fito ɗaya saura. Na riƙe agogo da hannuna: wa'azi minti 15. Sauran duk kiɗa ne da tsalle, wani yaro riƙe da mikro yana ta cewa a yi ihu, a ƙara ihu, ga fitilu ja da shuɗi da rana tsaka. Inna da hawan jininta, a gindin bedi ta ƙarasa sujadarta. Aya guda aka karanta, ita ma ta baiko ce. 'Yan mata na faɗuwa suna birgima kamar masu bori. Ku buɗe Amos 5:23, Allah da kansa ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙi, ba zai saurari kiɗan molayensu ba. Ku buɗe Ezekiyel 33:32, inda aka ce mutane sun ɗauki annabi tamkar mawaƙi mai zaƙin murya da gwanintar kiɗa, suna jin magana amma ba sa aikatawa. Ina tambaya: wa ake yi wa wannan hidima, Ubangiji ko 'yan kallo?

Yakubu mai gita: Baba, da girmanku. Bori kuka ce?

Hannatu Koral: Ni ma nan idona ya tsaya. Mutum na yabon Yesu a ce masa ɗan bori.

Malam Ishaku: Cewa na yi KAMAR. Ku koma ku karanta.

Maman Rahila: Kamar ɗin ma zagi ne, Malam. In na ce tafiyarka kamar ta ɓarawo, za ka yi mini godiya?

Dauda Ba'are: Ku dakata, ni maganar nan ta taɓa ni a wurin da ba ku sani ba. Mu mutanen Dogonduci mun san bori, ba a littafi muka karanta ba. Kakata 'yar bori ce, an yi mata girka, ita ake kira in iska ta kama wani a unguwa. Ranar da ta karɓi bishara da hannunta ta ƙona kayanta, dangi suka yi shekara ba su ci tuwonta ba. Yau jikanta ya ɗaga hannu a majami'a, wani ya ce bori ya koma? Malam, duk lokacin da mutanen Maradi ke son su ƙasƙantar da mu, kalmar nan suke ɗaukowa.

Malam Ishaku: Wa ya kawo Maradi a nan? Ni a Yamai na ga abin.

Dauda Ba'are: Kai ba ɗan Tsibirin Gobir ba ne, nan kusa da Maradi?

Maman Rahila: To ai Gobirawa ma ba su da bakin yi wa kowa gorin bori. Inna ta Gobir, shugabar 'yan bori fa, a Faransa take?

Sani Wadata: Hahaha Mama kun gama da shi.

Yakubu mai gita: Kuma ma wanda ya san bori ya san goge ake yi masa da ƙwarya. Mu piyano gare mu da gita da batiri, wato gangunan Turawa. Ina haɗin?

Dauda Ba'are: Har da garaya, yaro. Kada ka yi gardamar abin da ba ka gani ba. Akwai iskokin da sai an kaɗa garaya suke hawa.

Hannatu Koral: To madalla. Garaya kuwa tana cikin Littafi Mai Tsarki. 1 Sama'ila 16:23, in mugun ruhu ya taso wa Saul, Dawuda ke ɗaukar garaya ya kaɗa, ruhun ya rabu da shi. Ke nan garayar da ke kiran iska a Duci ita ce ta kori iska a fadar Saul. Laifin na kayan kiɗa ne ko na mai kaɗawa?

Yakubu mai gita: Yaya Hannatu, a ba ki mikro ranar Lahadi. Ga Zabura 150 kuma: ƙaho, molo, garaya, rawa, kuge masu ƙara. MASU ƘARA fa aka ce, Baba.

Malam Ishaku: Ba wanda ya taɓa Ezekiyel har yanzu.

Ɗan Ader: Salamu gare ku daga Tawa. Yanzu na hau, na iske saƙo hamsin. Ni dai abin da ni sani, babanmu ya yi aiki Galmi, asibitin da mishan ta buɗe 1950, kuma shina hwaɗa muna turawan farko ba su son ganga cikin sujada ko kaɗan, don suna ganin ta ta bori ce. Littafin waƙoƙi ɗai, a tashi tsaye, a rera, a zamna. Mata na Zumunta su ne sunka shigo da tulu da kacau-kacau sannu sannu, har dattawa sunka gaji sunka ƙyale. Wanga faɗa da kuke yi, tsoho ne, ya girme ku dut.

Maman Rahila: Allah ya yi maka albarka. Da an bi ta su Malam Ishaku na wancan zamani, da har yau muna rera waƙa kamar masu rakiyar gawa.

Malam Ishaku: Maman Rahila, tulun Zumuntar Mata bai taɓa korar tsohuwa waje ba. Ana jin kalmomin waƙarku, har yaro ya haddace aya daga bakinku. Abin da na ji yau, layi ɗaya aka maimaita ya fi sau talatin, rabi Faransanci rabi wani yaren da ko mai rerawar bai san fassararsa ba.

Hannatu Koral: Au, yanzu kuma yare ne laifin? Majami'ar Yamai ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Akwai Zabarmawa, akwai Gurmawa, akwai 'yan Togo da Benin da suka fi mu cika benci. Da wane harshe za mu haɗa su?

Sani Wadata: Gaskiya dai salon nan daga Najeriya da 'yan bakin teku ya shigo mana. A YouTube yaranmu ke kwafa, har yadda ake riƙe mikro da rufe ido.

Yakubu mai gita: Bisharar ma ta ina ta shigo? Ba ta Najeriya mishan ta hauro Damagaram a 1924 ba? Littafin Hausa da ke hannunka a Wadata aka fassara shi?

Sani Wadata: Kai dai ba ka da kunya. Ni sa'an yayanka ne.

Yakubu mai gita: Yi haƙuri Yaya, amma amsa ce.

Filibus ɗalibi: In an ba ni dama. Malam Ishaku yana da hujja, kalma ɗaya ce ta ɓata masa. A makarantar Littafi mun karanta cewa a ƙarni na 16 Kalbin, jagoran gyaran ikkilisiya a Janeba, kusan Zabura kawai ya yarda a rera, ba kayan kiɗa ko ɗaya, a Zurik ma zamanin takwaransa Zwingli har fitar da ogan, babban abin kiɗan majami'a, aka yi. Dalilinsu shi ne Allah ke faɗin yadda za a yi masa sujada, ba mu ba. Littafin Firistoci 10, Nadab da Abihu sun kawo wutar da ba a umarce su ba, suka mutu nan take. Fitowa 32, Joshuwa ya ji ƙara daga zango ya ɗauka yaƙi ne, Musa ya ce a'a, waƙa ce, ashe ɗan maraƙin zinariya ake yi wa. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al ne suka yi ta ihu da tsalle tun safe har tsakar rana, Iliya kuwa addu'arsa ba ta kai minti ɗaya ba wuta ta sauko. Amma gaskiya Amos 5 ba a kan kiɗa yake ba, Baba. Ku ci gaba zuwa aya 24, maganar shari'ar gaskiya da adalci ce. Mutanen suna tattake matalauta suna karɓar rashawa, sa'an nan su zo su yi waƙa.

Hannatu Koral: Tirƙashi. Daga bori mun koma annabawan Ba'al.

Filibus ɗalibi: Ban ce ku ne ba, Yaya.

Hannatu Koral: Ku duka haka kuke cewa. Shekara ɗaya a makaranta har ka fara jifan mutane da Zwingli.

Maman Rahila: Janeba ƙasar sanyi ce, ɗana, ko an ce su yi rawa ƙafa ba ta ɗaguwa. Ni Dawuda na sani. 2 Sama'ila 6, ya yi rawa da iyakar ƙarfinsa gaban akwatin alkawari. Wadda ta leƙo ta taga ta raina shi, Mikal, har ta mutu ba ta haihu ba. Mai kunne ya ji.

Malam Ishaku: Ni ne Mikal ɗin?

Maman Rahila: Cewa na yi KAMAR.

Sani Wadata: Wayyo cikina.

Dauda Ba'are: Ni har yanzu ina jiran a janye kalmar. Ranar Fentikos ma cewa aka yi manzanni sun bugu da ruwan inabi, sai da Bitrus ya tashi ya ce ƙarfe tara na safe ne. Wanda ke waje kullum suna yake laƙa wa abin da bai gane ba.

Malam Ishaku: Bayan Bitrus ya tashi me ya yi? Wa'azi ya yi, daga Yowel zuwa Zabura, mutum wajen 3000 suka tuba. Ba minti 15 aka ba shi ba. Kuma Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 14:40 a yi kome da kyau bisa tsari.

Yakubu mai gita: Bulus ɗin ma ya ja wa'azi har tsakar dare a Taruwasa, Aftikos ya yi barci ya faɗo daga bene na uku. Baba, lokacin da kuke ba da sanarwa a majami'armu, da muna da bene da an yi asarar rayuka.

Dattijo Ayuba (shugaban zaure): Yakubu, goge wannan. Ba a yi wa babba haka.

Yakubu mai gita: Na goge Baba. Amma kowa ya san tun da aka karɓe jagorancin waƙa daga hannun Malam aka ba matasa, kome muka yi laifi ne.

Malam Ishaku: Shekara 19 ina jan waƙa ba mikro, ba wanda ya biya ni dala. Ba kujera nake nema ba. Bari in tuna muku abin da wasunku suna yara aka yi. Ran 16 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari Asabar aka ƙona na Yamai. Tamu har benci bai tsira ba, piyano ya narke, bafulan, wato manyan lasifikoki, sun zama gawayi. Lahadi muka taru a tsakar gidan wani ɗan'uwa, a kan tabarmi, murya ƙasa ƙasa don tsoro. Ba kiɗa, ba wuta, littafin waƙa guda uku muka samu muna leƙa na juna. Dattawa na kuka. Ban taɓa yin sujada irin ta ran nan ba, kafin nan ko bayan nan. Yanzu kuwa in wuta ta ɗauke sai a tsaya cirko cirko ana jiran a ta da gurup, kamar Ruhu Mai Tsarki da gazuwal yake aiki.

Ɗan Ader: Wagga magana ta shige ni, Malam.

Hannatu Koral: Muna nan ran nan, Baba, ba yara ba ne mu. 'Yan koral ɗin da kuke zagi su suka kwashe tokar da hannunsu. Kuma in ba don kiɗan ba, rabin matasan nan suna fada suna shan shayi ranar Lahadi.

Sani Wadata: Tun da an zo nan, ni tambayata kuɗin rufi. An tara baiko na musamman don kwano, sai muka ga sababbin baful. Jikka nawa aka kashe?

Maman Rahila: Kyauta ce aka ba mu.

Sani Wadata: Wa ya bayar?

Maman Rahila: Wanda ya bayar ya ce kada a faɗi.

Sani Wadata: To damina ta zo, a yafa baful a ka.

Dattijo Ayuba: Maganar kuɗi ba ta zaure ba ce, a kawo ta taron dattawa. Sani, kai ma ba ka cika alkawarin buhun siminti biyu da ka yi ba, kada mu buɗe wannan.

Sani Wadata: Ɗaya na ce, Baba. Ɗaya.

Filibus ɗalibi: Maƙwabtanmu Musulmi ma sun taɓa yin magana a kan ƙarar kwanan addu'a, ya kamata a duba.

Dauda Ba'are: Lasifikar asuba fa, wa ya taɓa kai ƙara?

Dattijo Ayuba: Wannan ma a bar ta nan, zaman lafiya muke so da kowa. Dare ya yi, bari in tattara. Na bi saƙonnin duka, kuma ga abin da na ga zaure ya tsaya a kai. Kowa ya yarda kalmar bori ba ta dace ba, muna roƙon Malam Ishaku ya janye ta ya ba 'yan'uwanmu Arawa haƙuri. An nuna daga Zabura 150 da rawar Dawuda cewa kiɗa mai ƙarfi umarni ne na Littafi, ɗalibinmu ma ya tabbatar Amos ba a kan kiɗa yake magana ba. Matasanmu na koral suna aiki tuƙuru, a ƙarfafa su, ni shaida ne don ina ganin lokacin da Hannatu ke dawowa gida daga gwaji. Innar Malam kuma muna yi mata sannu, wani karon a sama mata wuri nesa da baful. Kada a manta Lahadi mai zuwa akwai baiko na biyu don sabon mikro mara waya.

Filibus ɗalibi: Baba, ba abin da na tabbatar ke nan ba. Nadab da Abihu fa?

Malam Ishaku: Kowa ya yarda? Ni da Sani da Ɗan Ader ba mutane ba ne? Ezekiyel 33:32 na nan, ba wanda ya buɗe.

Ɗan Ader: Ni ban ce ina bayan kowa ba hwa.

Dauda Ba'are: Malam, ka janye ko ba ka janye ba?

*Malam Ishaku ya fita daga zauren.*

Yakubu mai gita: Wa zai karɓo mana makullin akwatin littattafan waƙa? A hannunsa yake.