Salula a hannun mai tunanin kashe kansa

A wata fada ta masu zaman hira a Maradi, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce mutum ya ajiye tsarin tsira cikin salularsa tun hankali na kwance: alamun da ke zuwa kafin ƙunci ya tsananta, abin da ke sanyaya masa rai, da lambobin mutum 3 da zai kira ko da tsakar dare ne. Wanda bai iya rubutu ba ya naɗi muryarsa.

In aboki ya turo saƙon bankwana a WhatsApp, kada a tsaya rubutu. A kira, a tafi gidansu. Irin wannan saƙo ne ya fi damuna, don mukan ɗauka wasa ne. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambaya ba ta cusa tunanin. A kawar da maganin ƙwari, a raka shi likita.