Daren da Super Falcons suka ɗauki kofi na goma: me kuka ji ana faɗa a inda kuke?

Maman Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa a daren Asabar 26 ga Yuli 2025, da kwanakin da suka biyo baya. Ga wanda ya manta: wasan ƙarshe ne na gasar cin kofin Afirka ta mata a Rabat, tsakanin Super Falcons, tawagar matan Najeriya, da Maroko. Maroko, a gidanta, ta zura mana biyu tun kafin a yi rabin awa. Bayan hutu Esther Okoronkwo ta ci fenariti, ta ba Folashade Ijamilusi ta farke, sannan saura minti biyu a tashi Jennifer Echegini ta sa ta uku. Kofi na goma ke nan.

A gida na kalla da yarana. Da safe na buɗe waya ina ɗokin karanta sharhi, sai na tarar ana gardamar wace ce ta fi kyau, wace ce mata-maza, wace ke da aure, wace ce "ta wuce lokaci". Na daɗe ina bi ban ga wanda ya tambayi abin da koci Justine Madugu ya canza a hutun rabin lokaci ba. Ku tuna Fabrairun 2024 da Kwaddibuwa ta ci Super Eagles 2-1 a wasan ƙarshe. Mako guda ana tattauna tsarin kocinsu Peseiro. Hatta zagin da aka yi wa Iwobi, wanda bai dace ba ko kaɗan, a kan wasansa aka yi shi. Shin ni kaɗai na ga wannan bambancin? Don Allah kowa ya faɗi nasa.

Mai Gidan Kallo

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni sana'ata ke nan, don haka bari in faɗi yadda aka yi a wurina. Watan Yuli lokacin zaman banza ne a gare mu, Turai na hutu. Na rubuta wasan a allo da alli, na rage kuɗin shiga. Wani yaro da ba ya fashin wasan Chelsea ya tsaya ya karanta, ya ce, "Oga, yau kuma mata za mu biya mu kalla?" Aka fara wasa benci biyu ba su cika ba, kuɗin man janareta ma ban ga alamar zai fito ba.

Da aka ci mu biyu wasu suka tashi suna cewa dama me ake jira daga mata. Waɗanda suka zauna kuwa, daga fenaritin nan bakinsu ya canza. Aka daina maganar gashi da ƙirji, aka koma "ba ta!", "buga mana!", "alƙaliya, hannu ne!". Lokacin da aka ba Maroko fenariti sannan aka je VAR, wato duba bidiyo, aka soke, ihun da aka yi sai da ya kwaso mutanen teburin mai shayi. Ƙwallo ta uku a tsaye kowa ya gan ta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu mace ko ɗaya a ɗakin. Kuma ban ga laifinsu ba. Ni kaina ba zan so ƙanwata ta zauna ta ji maganganun da aka yi a rabin farko ba.

Tsohuwar Lamba Takwas

Maman Biyu, kin taɓo mini inda ke ciwo. Na buga tsakiya a makarantar kwana ta 'yan mata, kuma ina da ƙafa, malamin wasanninmu ya sha faɗa. An zaɓe ni zuwa gasar jiha. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sa hannu a takardar ba tare da gardama ba. Gwaggonnina ne suka taso. Ƙwallo tana hana haihuwa. Tana busar da jikin mace. Babu mai auren yarinyar da aka gani tana tsalle a gaban maza. A wata suna da aka yi a gidanmu wata ta ɗaga zanena a gaban mutane tana nuna ƙwaurina, wai ku duba ta fara zama namiji. Shekarata 16 a lokacin. Daga wannan hutun ban sake ɗaura takalmin ƙwallo ba. Yayana da bai kai ni iyawa ba, har kuɗin mota ake ba shi ya je atisaye, a ce Allah Ya sa ya zama Kanu.

Yanzu 'ya'yana huɗu, ga masu cewa tana hana haihuwa. Daga baya na karanta cewa a Ingila ma da irin wannan hujjar hukumar ƙwallonsu ta hana mata filayenta a 1921, wai wasan bai dace da jikinsu ba, alhali a Disambar 1920 mutum 53,000 suka cika Goodison Park don kallon mata. Sai 1971 aka ɗage haramcin. Shekara hamsin aka datse, sannan a dawo ana tambaya me ya sa na mata bai kai na maza ba.

A daren nan ni kaɗai ce a falo, maigida ya kwanta. Rasheedat Ajibade na zuba wa ido, yadda take karɓar ƙwallo ta juya. Da aka busa tashi na yi kuka sosai. Da safe na gaya wa maƙwabciyata, ta ce, "Au, dama akwai wasa jiya?" Mu nan arewa ko sanin akwai ƙungiyoyin mata irin su Nasarawa Amazons da Adamawa Queens yawancinmu ba mu yi ba. Shi kansa Madugu ɗan Adamawa ne.

Baban Ɗan Arsenal

Anti, Allah Ya ba ki haƙuri, abin da aka yi miki bai kyautu ba. Amma ku bar ni in faɗi nawa ra'ayin, kada a ce duk wanda bai kalla ba maƙiyin mata ne. Na kalli rabin farko na kashe. Saurin wasan bai kai wanda na saba ba, kuma wannan gaskiya ce. Kowa ya san yaran FC Dallas 'yan ƙasa da 15 sun ci tawagar matan Amurka 5-2 a 2017. Kuɗi kuma 'yan kallo suke bi, babu wanda ya zalunci wani. Na biyu, ni Musulmi ne, kallon mata da gajeren wando ba ya kwanta mini. A majalisarmu da yawa dalilinsu ke nan, ba raini ba.

Mai Sharhin Wasanni

Yallaɓai Baban Ɗan Arsenal, na gode da ka fito fili. Ni a gidan rediyo nake aiki, ba zan faɗi sunansa ba. Ran Litinin na shirya in buɗe shiri da kofin, na tanadi bayanin hanyar da suka bi: Zambiya 5-0 a kwata fainal, Afirka ta Kudu 2-1 da ƙwallon Michelle Alozie ana dab da tashi. Shugabana ya duba takardar ya ce in fara da cinikin 'yan wasan Firimiya, wai shi masu sauraro ke so, na mata in sa shi a ƙarshe "idan lokaci ya rage". Jita-jitar wanda wataƙila zai koma wata ƙungiya a Landan ta sha gaban kofin da ƙasarmu ta ɗauka shekaranjiya. Da muka buɗe layin waya, mai kira na farko tambayarsa ita ce ko mai tsaron ragar tana da miji. Chiamaka Nnadozie fa, wadda ta tare fenaritin Christine Sinclair ta Kanada a gasar duniya ta 2023, wadda aka ba kyautar gwarzuwar mai tsaron raga a wannan gasar ta Afirka.

Batun kuɗi na bin 'yan kallo, ni da nake cikin aikin na san mu ne muke koya wa mutane abin da za su so. Wanda kullum ake ba shi labarin Arsenal safe da yamma dole ya zama ɗan Arsenal. Inda aka tallata wasan mata, an cika fili: mutum 91,648 a Camp Nou a Afrilun 2022, wasan Barcelona, ƙungiyar da Asisat Oshoala take a lokacin, da Wolfsburg. Shi kuwa wasan Dallas, atisaye ne na share fage, kuma ba wanda ya ce ƙarfin jikin mace daidai yake da na namiji. Muna kallon Firimiyar Najeriya duk da mun san Manchester City za ta lallasa kowace ƙungiya a cikinta. Muna kallon damben gargajiya ba mu ce sai ɗan damben ya iya kayar da Anthony Joshua ba.

Kuma kada mu ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. Sepp Blatter yana shugaban FIFA a 2004 ya ba da shawarar mata su riƙa sa wando mai matse jiki don a samu 'yan kallo. A 2018 Ada Hegerberg ta karɓi Ballon d'Or ta farko ta mata, a kan dandamali aka tambaye ta ko ta iya rawar girgiza ƙugu. Sifaniya ta ɗauki kofin duniya a 2023, amma mutum nawa ke tuna Olga Carmona ce ta ci ƙwallon? Abin da duniya ta kwashe watanni tana magana a kai shi ne Rubiales, shugaban hukumar ƙwallon Sifaniya a lokacin, da ya sumbaci 'yar wasa Jenni Hermoso ba da yardarta ba.

Malamar Islamiyya

Ɗan uwa Baban Ɗan Arsenal, ina tare da kai a rabi. Wanda ya kawar da kai saboda tsoron Allah, ina girmama shi, ban da abin cewa. Amma abin da na gani a zauren danginmu na WhatsApp ba kawar da kai ba ne. Waɗanda suka fi kowa cewa haramun ne, su suka riƙa turo hotunan 'yan wasan suna faɗaɗa su, suna siffanta jikinsu gaɓa-gaɓa. Wannan wane addini ne? Mai gudun haram ba ya ajiye hoton a wayarsa. Kuma gajeren wandon maza ma cinya a waje take, malamai da yawa sun ce al'aura ce, ban taɓa ganin ya hana kowa kallon El Clasico ba.

Idan sutura ce damuwar, tana da magani. An halatta buga wasa da ɗankwali tun 2014, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da hijabinta, hannu da ƙafa a rufe. Na nuna wa ɗalibaina hotonta, wata ƙarama ta ce, "Malama, ashe ana iya yi?" Ni ba na cewa kowace yarinya ta zama 'yar ƙwallo. Ina cewa 'ya'yan mutane ne, wasu Musulmai wasu Kirista, sun ɗaga tutar ƙasa, mutuncinsu haramun ne a kanmu kamar na kowa.

Ma'aikacin Sakatariya

Ni nawa a ofis ya faru, bayan Shugaba Tinubu ya karɓe su a fada ya ba su lambar girma ta ƙasa ta OON, ya yi wa kowace 'yar wasa alƙawarin dala 100,000 da gida mai ɗaki uku. Ofishinmu ya kama da wuta. Wasu suka ce malaman makaranta da 'yan fansho na kuka, a kwashe wannan kuɗi a ba 'yan ƙwallo? Wannan tambaya ce mai kyau, ni ma albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. Sai wani ya ƙara da cewa, "kuma mata, da za su je su kai wa samari." A nan na gane ba duka ne fanshon ke damunsu ba. Wannan mutumin dai shi ya fi kowa tafi lokacin da aka ba Eagles lambar girma da gidaje da filaye a 2024, su da suka zo na biyu.

Na tuna musu cewa waɗannan matan sun sha bin haƙƙinsu da zaman dirshan. A 2004 sun ƙi barin otal a Afirka ta Kudu bayan sun ci kofi. A 2016 sun ci Kamaru a Yawunde, suka dawo suka ƙi fita daga otal a Abuja, har suka ɗauki kwalaye suka nufi Majalisar Tarayya don a biya su alawus. A 2019 a Faransa haka, a 2022 a Maroko sun ƙaurace wa atisaye. Kofin Afirka na maza uku muke da shi, 1980, 1994 da 2013. Mata ba su taɓa fashin gasar duniya ba tun 1991, kuma sun kai kwata fainal a 1999, matakin da Eagles ba su taɓa takawa ba. Kofin nan na goma dala miliyan 1 CAF ta biya a kansa, Kwaddibuwa kuwa miliyan 7 ta karɓa a kofin maza na 2024. Ba wanda ya ba ni amsa, aka koma maganar ƙarin girma.

Baban Ɗan Arsenal

Malama, maganarki ta hotuna gaskiya ce, na ga irin haka a majalisarmu kuma ban ji daɗi ba. Har yanzu ina kan bakana cewa wasan maza ya fi mini daɗin kallo, kuma ba na jin wannan laifi ne. Amma ina da tambaya ga Anti Lamba Takwas. Autata shekararta tara, kullum tana tsakar gida da ƙwallon yayanta, ta fasa mana gilashin taga. Uwarta na hana ta. Ni ban san me zan ce ba.

Tsohuwar Lamba Takwas

Malam, ka fara da zuwa makarantarsu ka tambaya ko 'yan mata na da lokacin fili, don a wurare da yawa maza ake bar wa, su a ce su zauna a inuwa. Idan babu, ku haɗu iyaye kaɗan ku nema, a sa malama mace ta tsaya musu. Ka ɗinka mata dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi da ba zai sauka ba in tana gudu. Mamanta kuma kada ka yi mata faɗa, tsoron bakin dangi take ji, kuma tsoronta na da dalili. Kai za ka tsaya a gaba ranar da gwaggonni suka zo. Wace ƙafa ta fi amfani da ita, dama ko hagu?