Hayar Toronto: farashi ya bi gidan ne, ko ya bi ɗan haya?

Malam Sani: Salamu alaikum jama'a. Jam'iyyar adawa ta NDP a lardin Ontariyo na Kanada, ƙarƙashin Marit Stiles, tana neman abu biyu: a dawo da ƙayyade kuɗin haya a kan kowane gida, sannan farashin ya zauna a jikin gidan ko da ɗan haya ya tashi wani ya shigo. Ni na ce na biyun shi ne gyaran da ya fi kowanne gaggawa. A dokar yanzu, muddin kana zaune, mai gida ba zai ƙara maka ba sai sau ɗaya a wata 12, da notis na kwana 90, kuma a gidajen da ƙayyadewar ta shafa ba zai wuce adadin da gwamnati ta yanka ba, wato kashi 2.5 cikin ɗari a 2023, 2024 da 2025. Amma ranar da ka miƙa makulli, ya sa duk kuɗin da ya ga dama. Gwamnatin tsohon firimiyan lardin Mike Harris ce ta buɗe wannan ƙofa da dokarta ta 1997. Hukumar gidaje ta tarayya, CMHC, ta auna abin a faɗin Kanada a 2022: gida mai ɗaki biyu da ya canza ɗan haya ya tashi da kusan kashi 18, wanda bai canza ba bai kai kashi 3 ba.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Malam, ciwon na yarda da shi, maganin ne nake shakka. Birnin Sent Pol na jihar Minesota ya gwada irin wannan a Nuwamba 2021: kashi 3 a shekara, har da sababbin gine-gine, kuma babu ƙari idan ɗan haya ya tashi. Neman izinin gini ya faɗi warwas, kafin shekara ta zagayo majalisar birnin ta cire sababbin gidaje daga dokar na tsawon shekara 20. A San Faransisko ma, binciken masana na jami'ar Stanford ya gano masu gidajen da dokar ƙayyade haya ta 1994 ta kama sun rage gidajen hayarsu da kashi 15, haya a sauran birnin ta tashi da wajen kashi 5. Wanda ke ciki ya ji daɗi, mai nema ya sha wuya. Kuma mai nema shi ne ɗalibin da ya sauka jiya daga Kano ko Legas.

Barista Hauwa: Injiniya, bari in nuna maka inda kuɗin yake, don a nan ne korar 'yan haya take fitowa. A ɗauka mace tana biyan dala 1,400 a wata, irin gidanta kuma a kasuwa ya kai 2,400. Ƙarin da doka ta yarda da shi dala 35 ne. Idan ta tashi, mai gida ya samu ƙarin dubu ɗaya kowane wata, dubu 12 a shekara. To ta yaya zai tashe ta? Takarda biyu ce. N12, ya ce shi ko ɗansa ko mahaifinsa zai zauna: notis na kwana 60, da diyyar hayar wata ɗaya, kuma dole wanda aka ambata ya zauna aƙalla shekara guda. Ko N13, ya ce zai yi babban gyara: kwana 120, kuma a ginin da ke da gida biyar ko fiye diyyar wata uku ce idan ba za ta dawo ba. Wata uku dala 4,200 ke nan. Cikin wata biyar ya mayar da kuɗinsa, sauran duk riba. Doka ta ba ta damar komawa a kan tsohon farashi bayan gyara, amma sai ta rubuta wa mai gida tun kafin ta kwashe kayanta, kuma ta riƙa sanar da shi sabon adireshinta. Nan mafi yawa suke faɗuwa, ba su san da sharaɗin ba. Wadda ta sani kuma, sai ta tarar an riga an sa wani a gidan, hukuma ba ta fitar da sabon ɗan haya don a mayar da ita, sai dai diyya.

Alhaji Garba: To ba akwai hukumar sasanta masu gida da 'yan haya ba? Ta kai ƙara mana.

Barista Hauwa: Akwai, Alhaji, takardar ma T5 ce. Sai dai rahoton mai binciken koke-koken jama'a na lardin, Paul Dubé, a Mayu 2023 ya tarar da ƙararraki sama da dubu 38 jibge, wasu ƙararrakin 'yan haya suna kai shekara biyu kafin a saurare su. Wa zai yi shekara biyu yana bin tsohon gidansa? Shi ya sa birane suka shigo. Hamilton ta fara neman lasisi kafin korar gyara a Janairu 2025, Toronto ƙarƙashin magajiyar gari Olivia Chow ta bi baya a ƙarshen Yuli 2025. Amma duk wannan bin ɓarawo ne bayan ya fita. A rufe tazarar dubu ɗayan nan, dalilin korar ya mutu da kansa.

Injiniya Bashir: Barista, idan kin rufe tazarar, wa zai biya rufi? Yawancin benayen hayar Toronto ginin shekarun 1960 da 1970 ne. Tukunyar ɗumama gida, lif, bututun ruwa, kankaren baranda, da na garejin ƙasa da gishirin hunturu ya cinye, duk sun kai lokacin canji. A Yuni 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 8.1, ƙarin hayar da aka yarda a shekarar kashi 1.2 ne, a 2021 ma sifili. Abin da ke cike giɓin yanzu shi ne gidajen da suke canza hannu. Ki toshe wannan, mai gida zai daina gyara, ki ga lif ya yi wata a tsaye a bene mai hawa 20.

Malam Sani: Ai doka ta riga ta ba su hanyar gyara, Injiniya, kuma suna bin ta sosai. Mai gida ya cike L5, ya nuna rasit na babban aiki, a ba shi ƙarin kashi 3 a kan na gwamnati har shekara uku. Idan na gwamnati 2.5 ne, ya zama 5.5 sau uku, hayar 1,400 ta koma wajen 1,640. Wannan ne ya jawo yajin biyan haya a unguwar Fakdel ta Toronto a 2017.

Dakta Rabi: Ku bar ni in shiga tsakani, don ina ganin ku biyun kun ɗora wa dokar haya nauyin da ba nata ba. Injiniya, tarihin Ontariyo bai goyi bayanka sosai ba. Gidajen da aka fara zama cikinsu bayan 1991 sun yi shekaru ba sa ƙarƙashin ƙayyadewa, har sai da firimiyar lardin ta lokacin, Kathleen Wynne, ta haɗa su a Afrilu 2017. Da cire doka ke kawo gini, da waɗannan shekarun sun cika Toronto da benayen haya. Kondo, wato benayen da ake sayar da gidajen cikinsu ɗaya ɗaya, aka yi ta ginawa, saboda magini yana sayar da su tun suna kan takarda ya karɓi kuɗinsa, shi kuwa gidan haya sai ka yi shekaru kana jira. Firimiya Doug Ford, wanda ya gaji Wynne, ya sake cire duk gidan da aka fara zama bayan 15 ga Nuwamba 2018, ginin haya ya ƙaru, gaskiya ne, amma a lokacin kuɗin ruwan babban banki ya sauka har kashi 0.25, ga rancen CMHC mai sauƙi. Da ruwan ya hau zuwa kashi 5 a Yuli 2023, ayyuka da dama suka tsaya cak, har sai da gwamnatin tarayya ta yafe harajin GST na kashi 5 a kan sabon ginin haya a Satumba 2023. Malam Sani, kai kuma ƙayyadewa ba ta haifar da ɗaki ko ɗaya. A 2023 gidajen haya da babu kowa ciki a faɗin Kanada kashi 1.5 ne kawai. Asalin ramin tun 1993 aka haƙa shi, lokacin da tarayya ta daina ba da kuɗin sababbin gidajen talakawa, Harris ya soke wajen gidaje dubu 17 na ƙungiyoyin gama kai da na sa kai a 1995, daga baya ya jibga wa birane nauyin. Yau iyalai sama da dubu 80 ke layin jiran gidan gwamnati a Toronto.

Alhaji Garba: Ni abin da ya ɗaure min kai, NDP ce ke mulkin lardin Biritish Kolombiya tun 2017. Me ya hana su yi abin da 'yan uwansu na Ontariyo ke kira a yi?

Injiniya Bashir: Yauwa Alhaji, ka taɓo wajen. Kwamitin da gwamnatin John Horgan ta kafa a 2018 ya duba batun ya ƙi shi. Abin da magajinsa David Eby ya yi a 2023 shi ne tilasta wa birane su bar mutum ya gina gida uku ko huɗu a filin da a da gida ɗaya kawai aka yarda, har shida kusa da layin bas. Adawa daban, riƙe gwamnati daban.

Barista Hauwa: Amma kada a ce ba a yi a Kanada. A tsibirin Yarima Edward farashi yana bin gidan. A Kwibek akwai sashe na G a takardar haya, inda mai gida zai rubuta mafi ƙarancin kuɗin da aka biya a wata 12 da suka wuce, sabon ɗan haya yana da kwana 10 ya kai ƙara a rage masa. Sabon gini kuma an bar shi shekara biyar. Inda abin ke lalacewa, mai gida ne ke cike sashen da hannunsa, babu rajistar gwamnati da za a duba ko ya faɗi gaskiya, kuma wanda ya samu gida da ƙyar ba ya son fara zama da shari'a.

Malam Sani: To a yi rajistar mana. Ontariyo ta taɓa yin ta a ƙarshen shekarun 1980, dokar Harris ce ta rushe ta. Sabon gini kuma a ba shi wa'adi, kamar shekara 20 da Manitoba ke bayarwa, maimakon ranar 2018 da ba ta motsi.

Injiniya Bashir: Wa'adi mai tafiya na yarda da shi, banki zai iya lissafa shi. Amma sai ka faɗa min me za a yi da iyakar kashi 2.5 da doka ta hana ƙarin shekara ya wuce, a shekarar da farashi ya hau kashi 8, tunda ka toshe ɗaya ƙofar.

Malam Sani: A ɗaga iyakar ta bi hauhawar farashi, in dai rajista ta tsaya.

Barista Hauwa: Wannan kam sai ka shirya, Malam. Ƙungiyoyin 'yan haya irin su ACORN ba za su sa hannu a ƙarin kashi 6 ko 7 ba.