Wa ya taɓa ganin dabbar da ta fita daga keji ta koma daji?

Malamar firamare:
Assalamu alaikum. Makon jiya muka kai 'yan aji biyar wani gidan namun daji, sunansa ba shi ne abin magana ba. Yara sun yi murna ƙwarai. Amma da muka zo kejin zaki sai muka tarar yana kai da komo a bakin ƙarfe, taku shida ya juyo, taku shida ya koma, har ƙasar wurin ta yi kwari saboda sawunsa. Wata yarinya ta ja mini mayafi ta ce, "Malama, yaushe za a sallame shi?" Ita a ganinta asibiti ne. Na ce mata ana ajiye su ne don kada irinsu ya ƙare a duniya, haka mu ma aka koya mana. Tun da na dawo gida amsar nan take damuna. Don Allah wanda ya yi aiki a irin wurin nan, ko ya ga an saki dabba ta koma daji ta rayu, ya ba mu labari. Abin da ido ya gani nake so.

Bakano:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni dai ba zan raina gidan zu ba. A cikin birni na tashi, kuma gidan zu na Kano, wanda aka gina farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, nan na fara ganin jimina da kada da kura. Duk sallah sai kawuna ya ɗauke mu ya kai mu. Kafin nan kura a tatsuniya kawai na san ta. Yaron da bai taɓa ganin dabba ba, da wuya ya ji ciwon bacewarta. Wannan kaɗai na iya shaida a kai, batun sakin dabba kuwa ban taɓa gani ba.

Tsohon mai kula da dabbobi:
'Yata, ni na yi shekara goma sha huɗu ina share keji ina raba nama, don haka bari in faɗa miki abin da na sani. Wannan kai da komon da kika gani ciwo ne, sai dai na zuciya. Dabbar da Allah ya yi ta don ta ci nisan tafiya a dare guda, an sa ta a wurin da bai fi zaure ba. Muna ganin haka ga zaki da kura da damisa. Biri kuma gashin jikinsa yake tsigewa.

A duk shekarun da na yi, ba mu taɓa mayar da dabba ko ɗaya daji ba. Kuma ko an ce a saki zakinmu, ba zai kai mako biyu ba. Bai san farauta ba, kuma ya saba ganin mutum da bokitin nama, to ƙauye zai nufa, a harbe shi. Yawancin abin da ake kawo mana daga hannun mafarauta da masu wasa da kura ake ƙwatowa: ɗan biri da aka kashe uwarsa, kura da aka cire mata haƙora. Waɗannan keji shi ne rufin asirinsu, ban ga laifin ajiye su ba. Amma wannan jinya ce da riƙon maraya. Hana irin dabba ƙarewa wani aiki ne daban, yana son littafin da ke nuna wa ya haifi wa, don kada wa da ƙanwa su haɗu 'ya'yan su fito da naƙasa. Mu ba mu da wannan littafin. Akwai watan da kuɗin abinci ya makara, muka haɗa daga aljihunmu muka sayo kayan ciki a mahauta. Hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nemi na kanta ba, shi ya hana ni barci a watan nan.

Ɗan Maraɗi:
Baba, Allah ya saka maka da alheri. Malama, mu a Nijar abin da ya fi ba mu sakamako ba a keji aka yi shi ba. Raƙuman dawa na Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, su ne sauran irinsu na Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 suka rage. Ba a kulle su ba. An hana farautarsu, aka samar wa matasan ƙauyukan aikin raka baƙi, aka taimaka da rijiyoyi da ɗan rance. Daga baya suka haura 600. Na je sau biyu kafin harin da aka kai can a Agusta 2020 ya kori masu ziyara. Na ga raƙumin dawa yana cin ganyen gawo, manomi na noma a gefensa, ba wanda ya kula wani. Sai dai manoman suna kuka, domin suna cinye musu wake. A 2018 aka ɗauko takwas aka kawo Gadabeji a nan jiharmu, inda aka daɗe da rasa su.

Wani abin kuma, an daɗe ana zaton akwai irin namu a gidajen zu na Turai. Da aka gwada jininsu a 2007 sai aka tarar irin Kordofan ne. Ashe da na Kure sun ƙare, babu kejin da za a je a ɗauko wasu.

Direban babbar mota daga Chadi:
Malama, ni na gani da idona. Dabbar da muke kira mariri, fara mai dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya kamar takobi. Kakana yana ba mu labarin garkensu a arewacin Chadi, amma ni na girma babu ko ɗaya. Yaƙi da fari da farauta a mota suka gama da su, har a 2000 aka ayyana cewa babu sauransu a daji ko'ina a duniya. Waɗanda suka rage na gidajen zu ne da na masu kiwo a Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa.

A 2016 aka ɗauko 25 a jirgin sama daga Abu Dhabi zuwa gandun Wadi Rime-Wadi Ashim. Ba a buɗe musu akwati aka ce ku tafi ba. Sai da suka yi watanni a cikin wani makeken shinge suna sabawa da rana da ciyawar wurin, aka rataya musu na'ura a wuya don a riƙa bin sawunsu, sannan da damina ta kankama aka sake su. Kafin shekarar ta ƙare an haifi ɗan mariri a daji. Wata rana da asuba ina kan hanya da kaya a yankin Arada na hango su, sun kai ashirin, har da ƙanana waɗanda ba su da komai a wuya. Na kashe mota na sauka. Wallahi sai da na yi hawaye, na tuna kakana. A Disamba 2023 aka cire su daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji.

Tsohon mai kula da dabbobi:
Ɗana, ka faranta mini rai. Amma ku lura da abin da ya sa wannan ya yiwu. Mariri ciyawa yake ci, ba sai an koya masa ba. An tara su daga wurare daban-daban don jinin ya gauraya. Sannan dajin yana nan, makiyayan wurin kuma an zauna da su an yi magana. A namu ɓangaren, dajin da za a mayar da zakin an sare shi an yi gawayi.

Malamar firamare:
Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Ke nan abin da na faɗa wa yarinyar gaskiya ne a kan mariri, amma a kan zakin da ta gani kuskure na yi. Ranar Litinin zan gyara a gaban ajin gaba ɗaya. Zan ce musu wannan zakin ba za a sallame shi ba, kuma hakkinsa a kanmu shi ne fili da inuwa da abinci, da daina jifansa da ledar ruwa don ya yi ruri.

Ɗan Bauchi:
Malama, in da hali ki nemi izinin iyaye ku zo Yankari. Ku zo da rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suke gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Ba na yi miki alkawarin zaki ba, domin na sha zuwa ban taɓa dacewa da shi ba. Amma na ga giwa da ɗanta, na ga ɓauna da gwanki. Ku fita da motar safe, kuma ki gargaɗi yaran su riƙe ledojin abincinsu da kyau a bakin ruwan Wikki, birai ba sa jin kunya.