Wane suna za mu ba bentileta da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman shawararku. A nan Jos, idan dangi suka fito daga ɗakin kulawa ta musamman, sai ka ji suna cewa "an sa masa iska". Haka ake faɗa ko robar oksijin ce a hanci, ko bentileta ce. Alhali akwai nisa tsakaninsu.

2/ Mai robar hanci da kansa yake shaƙa. Bentileta kuwa tura iska take yi cikin huhu ta bututu, kamar zugazugin maƙeri. Lokacin korona a 2020 an yi ta cewa "na'urar taimaka wa numfashi". Ba laifi, sai dai tukunyar oksijin ma taimakon numfashin take yi. Ni na fi son "na'urar hura huhu".

3/ Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne majinyacin da ya daɗe a kanta. A lissafin likitoci, zama ya yi tsawo idan ya kai kwana 21 a jere, aƙalla awa 6 kullum. Galibi kafin nan an huda masa maƙogwaro an sa bututu, magana ta gagara. Kullum ana duba oksijin ɗin jininsa da ɗan abin da ake maƙala wa a yatsa, da ƙarfin tarinsa, da kalar majina saboda ciwon huhu, da gyambon kwanciya a baya da dunduniya, da haɗiya, da rama. Tsokar da ke ƙarƙashin huhu ma sanyi take yi idan inji ya daɗe yana mata aikinta. Zafi, tsoro da rashin barci kuwa sai an tambaye shi, ko da ƙifta ido zai amsa.

4/ Don Allah mu daina cewa "za a cire masa na'ura". Uwa ta ji haka, ta ɗauka an fid da rai. A ce "za a yaye shi". Ana rage masa taimakon ne sannu a hankali, a gwada shi minti 30 zuwa awa 2 yana numfashi da kansa, in ya gaji a mayar.

5/ Sistocinmu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da malaman Hausa, "hura huhu" ta zauna muku a baki, ko akwai wadda kuke faɗa wa dangi a bakin gado?