Wa ya taɓa haɗa kwale-kwalen iska na goyo da hannunsa?

Ɗan_Bukuru:
Salam jama'a. Dan Allah akwai wanda ya taɓa haɗa ƙaramin kwale-kwalen nan na iska da ake kira fakraf? Wanda ake naɗewa a cusa a jakar baya, nauyinsa kilo 2 zuwa 3 haka, in an isa bakin ruwa a hura. Ni mai yawan hawa duwatsun Shere ne, duk muka gangaro ta wajen dam ɗin Lamingo sai in ji ina ma da abin shiga ruwa. Na leƙa farashin na kamfanin Alpacka, da canjin dalar nan ko zancen ma ba na so. Shine nace ko in sayi tamfol irin na tirela in yanka in manna da solishon na masu faci. Zai yi kuwa?

Mai_Tamfol:
Wslm ƙanina. Solishon dai cire shi a lissafi, na roba ne, tiyub yake kamawa, shi kuwa tamfol ɗin tirela PVC ne, zai yi kamar ya kama da yamma gari na wayewa ka ɓare shi da yatsa biyu. Sai gam ɗin PVC irin su HH-66. Amma fa maganar rashin nauyi ka manta da ita, mai kaurin nan mita ɗaya faɗi da tsawo ya haura rabin kilo, kafin ka gama da ƙasa da gefe ka yi kayan da ba za ka hau Shere da shi a baya ba wlh.

Injiniya_Rayfield:
Gaskiya Mai Tamfol ya faɗa. Ainihin yadin da ake yi da shi nailan ne da aka shafe da wata roba TPU, yawanci fuska ɗaya, na jikin bututun iskar da ya zagaye gefe 210D (lambar kaurin zare ce) na ƙasa kuma 420D ko sama tunda shi ke gogar dutse. Kuma ba gam ake sa wa ba, zafi ne. Fuskar TPU ka haɗa da fuskar TPU ka bi da ƙaramin ayan, wato dutsen guga, mai zafi wajen digiri 200, ka danne da rola tun bai huce ba. In ka haɗa fuskar roba da ta nailan zalla ba zai riƙe ba, shi yasa ake yanka siririn ƙyalle a ɗora kan mahaɗin guda biyu, robar na kallon robar.

Dutsen gugan gida ya yi faɗi, zai narka maka inda baka nufa ba, sai mai ɗan baki. Ga kuma matsalar mu ta nan, in wuta tazo ba ƙarfi ayan ɗin baya kaiwa zafin, kai kana ta guga kana jin daɗi ashe sama-sama ya kama. Don haka duk sanda zaka zauna aiki fara gwadawa da guntu, ka bari ya huce ka ja da ƙarfi, in ya rabu sumul bai yi ba, in kuma robar ce ta ɓare daga jikin yadin to ya kama.

Inda ake shan wahala wajen lanƙwasar gaba da baya ne, sai ka kifa kwanon silba ko ka sassaƙa katako mai doro ka ɗora a kai. Akwai DIY Packraft a Kanada suna sayar da yadin da zanen da bawul, in kana da mai zuwa ya riƙo maka. Ka fara da haɗa jakar da ake hura masa iska da ita, ita ko ta ɓaci ba asara sosai. In ka gama jirgin ka hura ka bi duk mahaɗi da ruwan omo, inda ya yi kumfa ka sa alama ka toshe da gam ɗin Aquaseal, ka barshi ya kwana a hure.

Inna_Gangare:
Ɗana ni ban san TPU ba amma na san ruwan garin nan. Yawancin tafkunan da kake gani ramukan haƙar kuza ne, har na Rayfield ɗin, gefensu a tsaye yake, taku biyu ka daina taɓa ƙasa, ga sanyi. Ka iya ruwa ma tukuna? Rigar hana nutsewa dole, kuma kar ka je kai kaɗai. Lamingo kuma ruwan sha ne, ka nemi izini kafin a kama ka a banza.

Injiniya_Rayfield:
Inna ta tuna min. Yawancin kwale-kwalen nan ɗakin iska ɗaya ne, in ya fashe duka ya tafi. Sannan kana sa shi a ruwan sanyi zai saki, ka ƙara da baki, in ka fito da shi rana kuma rage iskar kar mahaɗin ya buɗe.

Ɗan_Bukuru:
Na gode Inna, na iya ruwa daidai gwargwado kuma rigar zan fara saya. Oga Mai Tamfol kana da ragowar yanka in koyi zanen da su kafin yadin ya iso?

Mai_Tamfol:
Akwai buhu guda a shago. Ka shigo Katako bayan la'asar, ka taho da almakashinka don nawa ba ya fita.